Sibiyu, garin da gidajensa ke da idanu

Mai karatu, ka taɓa jin sunan Sibiyu? Gari ne a ƙasar Rumaniya, can gabashin Turai. Shi ne babban garin jiharsa, kamar yadda Tawa take a jihar Tawa. Mutanensa sun haura dubu 130.

Jamusawa ne suka kafa shi, yau fiye da shekara 800. Su Hermannstadt suke ce masa. In ka je, za ka ga ƴan tagogi a rufin gidaje, sai ka ce idanu ne ke kallon ka. Iska suke shigarwa inda ake ajiye kaya.

Da mulkin kwaminis ya faɗi a 1989, Jamusawa da yawa suka kwashe kayansu, suka tafi Jamus. Kaɗan suka rage. To, ka ji abin mamaki: a 2000 mutanen gari suka zaɓi ɗaya daga cikin ƴan kaɗan ɗin nan, Klaus Iohannis, malamin makaranta, ya zama magajin gari. Ba su dubi ƙabilarsa ba. A zamaninsa aka gyara tsohon gari, kamfanonin Jamus suka zo, mutane suka samu aiki. A 2014 aka zaɓe shi shugaban ƙasa, ya sauka a 2025.

A 2007 Rumaniya ta shiga Tarayyar Turai. A shekarar nan kuma aka naɗa Sibiyu da Lukzambur manyan biranen al'adun Turai, baƙi suka cika gari. Sibiyu ya kuma ƙulla ƙawance da Ren, wani gari a Faransa.