Zarton inji a jihar Maraɗi: Abin dubawa kafin a ɗora farantin wani kamfani a kan injin wani

A gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, har yanzu gatari da adda ne kayan aikin manomi idan zai rage rassan bishiya ko ya faskara itacen girki. Amma idan iska ta kayar da ƙaton gawo a gona, ko dogon yaro ya faɗo kan katanga a cikin gari, aikin ya fi sauri da zarton inji.

Babbar matsalar mai irin wannan inji ita ce kayan gyara. Injin na iya zama na Stihl na Jamus, ko Husqvarna na Suwidin, ko ɗaya daga cikin masu sauƙin kuɗi na ƙasar Sin. Shi kuwa dogon farantin ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai yana cinyewa, yana lanƙwashewa. Idan ya gama aiki, sai a ɗauko wanda aka samu a kasuwa ko wanda ɗan'uwa ya aiko daga ci-rani. Wani lokaci yakan shiga, wani lokaci kuma noti ya ɗauru amma farantin bai dace ba.

Ramuka uku a gindin faranti

Abu na farko shi ne doguwar tsagar da ƙusoshin injin ke shiga. A matsakaita da manyan injinan Stihl faɗinta ya kai kusan milimita 12. A manyan Husqvarna milimita 9 ne, a ƙananansu da yawancin injinan Sin masu lamba 5200 ko 5800 kuma kusan milimita 8. Stihl 070, ƙaton injin da masu yanka katako suka sani a Afirka ta Yamma, tsagarsa ta fi duk waɗannan faɗi.

Na biyu shi ne ramin da ƙaramar ƙusar ja da sassauta sarƙa ke shiga. Idan bai zo daidai ba, babu yadda za a ɗaure sarƙar yadda ya kamata.

Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne ramin mai. Injin yana turo mai ta wata 'yar kafa a jikinsa, man ya bi ramin farantin ya shiga hanyar sarƙa. Idan ramin bai haɗu da kafar ba, man zai zube a ƙasa, sarƙa ta yi ta gudu a bushe. Cikin ɗan lokaci gefen farantin zai ƙone ya yi shuɗi, a yi asarar faranti da sarƙa tare.

Sarƙa ma da nata awon

Ko gindin ya dace, da sauran aiki. Tazarar haɗin sarƙa iri-iri ce: akwai inci 0.325, da 3/8, da 0.404. Dole tazarar ta zama ɗaya a sarƙa, da giya mai haƙora da ke jan ta a cikin inji, da 'yar giyar da ke bakin faranti idan yana da ita. Sai kaurin ƙafafun sarƙar da ke bin tsagin faranti: milimita 1.3, ko 1.5, ko 1.6. Manyan injinan Stihl sun fi amfani da 1.6, Husqvarna kuma 1.5. Sarƙa siririya a tsagi mai faɗi takan yi lilo ta yanka a karkace, mai kauri kuwa ba za ta shiga ba.

Adadin ƙafafun ma yana bambanta. Faranti biyu masu tsawon santimita 50 daga kamfanoni daban-daban na iya buƙatar sarƙa mai adadi daban.

Gyaran da ke yiwuwa

Ɗora faranti mai faffaɗar tsaga a kan inji mai siraran ƙusoshi ya fi sauƙi. Akwai ɗan ƙarfen cike giɓi da ake yi musamman don ɗora farantin Stihl a kan Husqvarna, kuma ƙwararren mai sassaƙa ƙarfe da inji zai iya yin irinsa. Bayan haka sai a duba ramin mai da na ɗaure sarƙa.

Akasin haka ya fi wuya, domin sai an goge tsagar da magagari ta yi faɗi, kuma gindin ƙaramin faranti ba lallai ya rufe kafar mai ba. Ƙarfen faranti yana da tauri, huda shi sai da bakin huji na musamman. Walda kuwa tana iya karkatar da shi.

Akwai gwaji mai sauƙi bayan an haɗa. A juya sarƙa da hannu, injin na kashe, a ga ko tana tafiya babu cijewa. Sannan a tayar da shi, a nufi wani busasshen katako da bakin farantin ba tare da ya taɓa ba. Idan aka ga layin ɗigon mai a kan katakon, mai yana zuwa. A kuma lura da tsawo: injin 5200 ba zai ja farantin santimita 90 irin na 070 ba.

Ba kuɗi kaɗai ake tsoron asara ba. Sarƙa tana gudun kusan mita 20 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan ta tsinke ko ta zame daga faranti, hannu da ƙafar mai aiki ne mafi kusa, ga shi tsofaffin injina irin 070 ba su da birkin sarƙa.

Bishiyoyin da aka sha wuya a kansu

Itacen wannan yanki ba na banza ba ne. A 1983 ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ke aiki a Maraɗi, ya fara ƙarfafa manoma su riƙa barin tohon kututture a gona suna rage shi ya zama bishiya. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna kan wannan aiki, inda mazauna suka kafa kwamitin sa ido kan masu saran sata. Masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya bishiyoyi kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5.

Dokar gandun daji ta 2004 ce ke tsara sare itace a ƙasar, kuma gawo na cikin itatuwan da aka kare. A 2020 gwamnati ta fitar da wata doka da ta amince da haƙƙin manomi kan bishiyoyin da ya raya a gonarsa. Don haka mai inji ya fara tuntuɓar jami'an gandun daji da mai gona kafin ya taɓa bishiya mai rai. Inda aka ba da izini ma, sarƙar da ke yanka a karkace tana yage ɓawo, ta bar wa bishiya rauni, ta ɓata katako.

Ga masu aiko da kaya daga Kano, Aljeriya ko Faransa, akasarin faranti yana ɗauke da lambobin tazara, kauri da adadin ƙafafun sarƙa a gindinsa. A nemi hoton wannan wuri ta WhatsApp, da sunan injin da lambarsa, kafin a biya kuɗi. Idan lambobin sun goge, gara a sayi faranti da sarƙa da giya a lokaci guda, duk na injin da ke gida.