Ƙwallon Tebur: Atisayen Da Masu Nauyin Hannu Ke Buƙata

Da la'asar sakaliya, bayan an taso daga gona, wanda ya zaga garuruwanmu na kudancin Katsina, daga Ruwan Godiya zuwa Faskari, Ƙanƙara, Sabuwa har Funtua, ba zai rasa inda samari suka kewaye teburin katako a gindin inuwa ba. Wani teburin da raga, wani guntun falanki aka gicciya a tsakiya. Wanda aka cinye ya miƙa bat, na gaba ya karɓa. A kowane irin wannan dandali akwai gwani guda da aka sani da nauyin hannu. In ya narka wa ƙwallo duka sai wuri ya kaure da shewa. Amma in ka natsu ka ƙirga, za ka tarar a duka biyar ɗin da ya kai, uku sun tafi waje ko sun faɗa raga, kuma yaron nan mai sanyin hannu da ba a yi wa tafi shi ne ke riƙe da teburi har magariba. Wannan rubutu domin mai nauyin hannun ne, don ƙarfinsa baiwa ce, gyara kawai take buƙata.

Mu fara da awo. Teburin gasa tsawonsa mita 2.74 ne, faɗinsa mita 1.525, tsayin raga kuwa santimita 15.25. Ƙwallon, wadda yara ke ce wa ƙwai, nauyinta giram 2.7 ne kacal. Duk ƙwallon da aka buga, nauyinta ne ke janyo ta ƙasa, kuma wannan saukowa tana son lokaci. In muka ajiye batun iska a gefe, ƙwallon da ke gudun mita 20 a daƙiƙa tana ƙetare teburin kafin ta sauko da santimita 10. In aka rage gudun zuwa rabi, saukowarta na ninkawa har sau huɗu. Ke nan wanda ya zabga wa ƙwallo duka alhali tana ƙasa da tsayin raga ya ɗora wa kansa abin da ba zai yiwu ba: in ya miƙar da ita ta ci raga, in ya ɗaga ta ta wuce teburi.

Maganin wannan shi ne juyi. Idan bat ya shafi ƙwallo daga ƙasa zuwa sama, takan tafi tana juyawa gaba, iska kuma ta danna ta ƙasa. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Gustav Magnus, ya yi bayanin wannan a tsakiyar ƙarni na 19. Juyin ne ke ba gwanaye damar dukan ƙarfi ƙwallo kuma ta lanƙwaso ta sauka a teburi. Aruna Quadri, ɗan garin Oyo da duniya ta sani da ƙarfin dantse, da irin wannan bugu ya doke Timo Boll na Jamus a gasar Olamfik ta birnin Riyo a 2016, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen 'yan takwas, kafin Ma Long na ƙasar Sin ya tsayar da shi.

Akwai wani wasa ɗan'uwan wannan da zai ƙara mana haske, wato fikilbol, wanda ya cika Amurka a 'yan shekarun nan. Mutum uku ne suka ƙirƙiro shi a 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washinton: Joel Pritchard da Bill Bell da Barney McCallum. A ƙasa ake yin sa, a fili mai tsawon ƙafa 44 da faɗin ƙafa 20, da bat mai faɗi da ƙwallon roba mai huji-huji. Dokokinsa suna taka wa mai ƙarfi burki. Dole ƙwallo ta taɓa ƙasa sau ɗaya a kowane ɓangare kafin a fara dukanta a sama, sannan akwai yanki mai ƙafa 7 a kowane gefen raga da suke kira kicin, inda ba a yarda ka tsaya ka doki ƙwallon da ba ta taɓa ƙasa ba. Saboda haka gwanayen wasan sukan daɗe suna ɗan jefa wa juna ƙwallo a sannu a bakin raga, kowa na jiran abokin karawarsa ya ɗaga ta ko da kaɗan ne, sannan a kai dukan da zai raba gardama. Atisayen da suke ba masu nauyin hannu ya dace da teburinmu sarai.

Na farko, ƙirge. Ku biyu ku riƙa mayar wa juna ƙwallo daga kusurwa zuwa kusurwa da rabin ƙarfi, sai kun kai 30 ba kuskure. In ta faɗi a 29, a koma 1. Mai nauyin hannu yakan ji wannan kamar ɗauri, amma a nan ne hannu ke sanin girman teburi.

Na biyu, zaɓe. Abokinka ya riƙa turo maka ƙwallo a gauraye, wata sama wata ƙasa. Kafin ka buga, ka faɗa da baki: "sama" ko "ƙasa". Wadda ta haura tsayin raga ka narke ta yadda ranka ke so. Wadda ba ta kai ba ka shafe ta da juyi ka mayar. Ido ake horarwa a nan, domin yawancin asarar maki daga mummunan zaɓe take fitowa.

Na uku, tarewa. Yanzu kai za a riƙa kai wa duka. Ka tsaya kusa da teburi, ka sassauta riƙon bat, ka tara shi kawai ba tare da ka ja hannu baya ba. Riƙo mai tauri yana mayar da ƙwallo da dukkan zafinta, sassauƙan riƙo kuwa yana shanye shi. Ɗan dambe ma ba da naɗaɗɗen hannu kaɗai yake shiga fage ba. Buɗaɗɗen hannun da yake karewa da shi ne ke kai shi lokacin da zai yi kisa.

Na huɗu, gajeriyar ƙwallo. Ka ja layi da alli kamar taƙi biyu daga raga a kowane ɓangare, ku yi wasa zuwa maki 11 da sharaɗin kowace ƙwallo ta sauka a cikin layin. Wannan shi ne kicin ɗin teburinmu.

Na biyar, saiti. Ka ajiye murfin galan ko takarda a kusurwoyin teburi, ka kai duka 10 kan kowanne, ka rubuta a littafi nawa ka samu. Bayan mako biyu ka duba littafin.

Na shida, ƙafa da ƙugu. Ƙarfin bugu daga ƙasa yake tasowa: ƙafa ta danna, ƙugu ya juya, kafaɗa ta biyo, hannu ya ƙarasa. Minti 5 na motsi hagu da dama ba tare da ƙwallo ba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, yana ƙara zafin duka, yana kuma rage ciwon kafaɗa da gwiwar hannu da ke damun masu bugu da dantse zalla. Magidancin da ya haura shekara 40 ya fi kowa buƙatar ya ɗumama jiki kafin ya kama bat.

A ƙarshen kowane atisaye, ku buga wasa ɗaya da wannan doka: duk wanda ya kai dukan ƙarfi ya ɓarar, maki biyu ya rasa. Cikin 'yan kwanaki mutum zai fara tunani kafin ya saki hannu.

Yankinmu ya sha wahalar rashin tsaro, kuma duk abin da zai tara matasa wuri guda cikin lumana, a kan idon manya, ya cancanci a raya shi. Teburi ɗaya da raga da bat huɗu ba su kai kuɗin da za su gagari makarantar sakandare ko ƙungiyar matasa ba. Muna kira ga ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, da shugabannin makarantu da masu hali, su samar da tebura masu cikakken awo, su kuma shirya gasa tsakanin gundumomi bayan kaka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kai kuma ɗan'uwa mai nauyin hannu, gobe in ka isa teburi, ka ware minti 20 na farko ga waɗannan atisaye kafin a fara ƙirga maki. Ka riƙe su wata guda, ka bar dukan ƙarfi sai ga ƙwallon da ta haura raga.