Me Ya Sa Kwamfutocin Makaranta Ke Cika Su Yi Nauyi? Yadda Ake Gano Matsalar Da Gyara Ta

Duk mai riƙe da wayar Android ya san ɓacin ran da ke cikin saƙon nan na cewa ma'ajiya ta cika. Irin haka na faruwa da kwamfutocin ɗakin karatu na makarantu da cibiyoyin koyon kwamfuta, sai dai a can ba mutum ɗaya ke cika na'urar ba, ɗaruruwan ɗalibai ne.

Duk wanda ya shiga Windows da sunansa a karon farko, sai kwamfutar ta buɗe masa furofayil a cikin C:\Users. Nan ake ajiye fayilolinsa, abubuwan da ya sauke da tarkacen burauza. A ce ɗalibai 300 sun zauna a kwamfuta ɗaya, kowa ya bar 400MB. An ci 120GB ke nan, alhali wata kwamfutar 128GB kawai gare ta.

Yadda ake kula da su daga wuri ɗaya

Mai kula da ɗakin ba ya bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya. Daga uwar garke yake aika dokoki ta hanyar Group Policy, ciki har da sikirif, wato ƙaramin fayil mai jerin umarni da kwamfuta ke aiwatarwa da kanta. Iri biyu ne ake yawan rikitawa. Sikirif na kunnawa yana gudana kafin kowa ya shiga, da asusun kwamfutar mai suna SYSTEM. Sikirif na shiga kuwa sai mutum ya sa kalmar sirri, kuma da ikon mutumin yake aiki. Aikin sharar furofayil na farkon ake ba wa, domin a lokacin babu wanda ke ciki.

Idan sikirif ya ƙi aiki

Kafin a zargi abin da aka rubuta, a fara tabbatar da cewa dokar ta iso. Umarnin gpresult /h rahoto.html yana fitar da jerin dokokin da suka hau kan kwamfutar. Idan babu ita a ciki, a duba rukunin da aka sa kwamfutar. Idan tana nan, ga wuraren da matsalar ta fi ɓuya:

1. Izini. Sikirif ya yi aiki lafiya da aka gwada shi da hannu, amma ya ƙi a lokacin kunnawa. Dalili shi ne asusun kwamfutar ne ke neman fayil ɗin a kan netwok, ba na mai gwajin ba. Sai a ba rukunin Domain Computers izinin karanta foldar.

2. Netwok bai tashi ba. Inda ake yawan ɗauke wuta, da zarar an tada janareto kwamfutoci kan riga uwar garke tashi. Dokar "Always wait for the network at computer startup and logon" tana sa kwamfuta ta jira netwok, amma duk da haka a riƙa kunna uwar garke tukuna.

3. Fast Startup. Tun daga Windows 8, danna Shut down ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya, wani ɓangarenta kwanciya kawai yake yi. Saboda haka sikirif na iya ƙin gudana washegari. A gwada da Restart. Idan ya yi aiki, to a kashe Fast Startup.

4. Agogo. Idan ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci ya mutu, agogo sai ya kauce. Bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da uwar garke ya isa ya hana su amincewa da juna.

Yana da kyau kowane sikirif ya riƙa rubuta abin da ya yi da lokacin da ya yi shi a wani fayil. In babu wannan, lalube ake yi cikin duhu.

Kuskuren da ake yawan yi wajen shara

Goge foldar ɗalibi daga C:\Users ba shi ne share furofayil ba. Windows na riƙe da sunan kowa a rajistarta, a wani sashe mai suna ProfileList. Idan folda ta tafi aka bar sunan, ranar da ɗalibin ya dawo Windows na iya ba shi furofayil na wucin gadi, wanda duk abin da ya ajiye a ciki zai ɓace da zarar ya fita.

Hanyar da ta dace ita ce a bar Windows ta share da kanta. Akwai dokar "Delete user profiles older than a specified number of days on system restart", inda ake sa adadin kwanaki, misali 30. Sai dai a wasu nau'ukan Windows 10, sabuntawa kan taɓa fayil ɗin NTUSER.DAT, sai tsohon furofayil ya zama kamar jiya aka yi amfani da shi, a tsallake shi. A nan PowerShell ke taimakawa: a jero furofayil ta Win32_UserProfile, a ware waɗanda ke da alamar Special ko Loaded da asusun masu kula, sannan a cire sauran da Remove-CimInstance. Wannan yana ɗauke folda da rajista tare.

Kada a saki sabon sikirif na shara a kan ɗaki gaba ɗaya. A fara da kwamfuta ɗaya, a sa shi ya jero abin da zai share kawai, a duba da ido, sannan a ba shi damar sharewa.

Ga ɗalibi kuma, kwamfutar makaranta ba wurin ajiya ba ce. Wanda ya bar aikin furojet ɗinsa a kanta ya tafi hutu zai iya dawowa ya tarar an share. Kafin a tashi daga kujera, a kwafe aikin zuwa filas, ko Google Drive, ko a tura shi waya.