Daga tasha zuwa ƙofar gida: inda kuɗin saƙo ke narkewa

Tsakanin Maraɗi da Yamai akwai tazarar kilomita wajen 660. Ƙunshin kayan da ɗan kasuwa ya danƙa wa motar fasinja da asuba, kafin dare ya isa babban birni, a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, domin kuwa ya yi tafiya ne tare da ɗaruruwan ƴan uwansa cikin mota guda. Wahala tana somawa ne sa'ad da aka sauke shi. Kilomita biyar ko shida da suka rage tsakanin tasha da hannun mai kaya, su ne masu cin lokaci da mai da haƙuri.

Dalili na farko shi ne rashin adireshi. Gidan waya ya saba da ajiye wasiƙa cikin akwati mai lamba, mai ita ya zo da makullinsa ya ɗauka. Kai saƙo har gida bai taɓa zama al'ada ba. A farkon shekarun 2000 an yi aikin sanya wa titunan Yamai lambobi, shi ya sa ake ganin alluna masu haruffa kamar YN a Yantala, KK a Kwara Kano, PL a Filato. Amma birnin, wanda ƙidayar 2012 ta nuna ya haura mutum miliyan 1, ya yi ta faɗaɗa ya bar allunan a baya, jama'a kuma ba su riƙe lambobin a ka ba. Har gobe kwatance ake yi: bayan masallacin Juma'a, kusa da famfo, gida mai koren ƙyaure. Ɗan aike ya tsaya ya buga waya, ya wuce, ya komo, ya sake bugawa. In ya tarar mai gida ya fita, tafiyar ta tashi a banza, gobe sai a sake wata.

Na biyu shi ne yadda kowane ƙunshi ke da tasa tafiyar. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, mai kabu-kabu ne ke ɗaukar kwali guda ya ratsa gari da shi, ya komo wayam. A Yamai sau da yawa ma'aikaci ne ke barin ofis ya shiga taksi ya je tasha da kansa. Lokacin da man kwalba na bakin hanya ke da araha, ba wanda ya damu da lissafi. Da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, farashinsa ya hau a garuruwan kan iyaka, aka gane cewa kai da kawon nan kuɗi ne. Hayaƙin da ake shaƙa a bakin kasuwa kuwa, ba a ma sa shi cikin lissafin.

Biranen Turai sun sha fama da irin wannan, ko da yake nasu ciwon cunkoso ne. A birnin Hambug na Jamus, kamfanin UPS ya soma wani gwaji a 2012: da safe a kawo kwantena cike da saƙonni a girke ta a tsakiyar gari, daga nan ma'aikata su rarraba da ƙafa, da baro, da kekuna masu ƙafa uku, wasu masu taimakon batir. Manyan motoci suka ragu a ƙananan tituna. Abin lura a nan shi ne tattara kayan unguwa a wuri guda kafin a raba. Keken ya biyo baya ne. Mai turin baro na babbar kasuwar Maraɗi ba ya bukatar a koya masa sauran aikin.

Gana ta bi ta wata hanya. A watan Oktoba na 2017 ta ƙaddamar da GhanaPostGPS, wanda ya yanka ƙasar gaba ɗaya gida-gida, mita 5 tsawo mita 5 faɗi, kowane da lambarsa da ake karantawa a wayar salula. Dabara ce mai kyau, sai dai tana bukatar babbar waya, da kuma mutanen da za su yarda su bar kwatance.

Wadda ta fi kusa da halin garuruwan Nijar ita ce ta Faransa, inda tun shekarun 1980 ake ajiye saƙonni a kantunan unguwa. Mota guda ta sauke kayan mutane da dama wurin mai kanti, shi ya sami ɗan kamasho a kan kowane ƙunshi, mai kaya ya biyo ya karɓa in ya taso daga aiki, wataƙila har ya sayi sukari ko sabulu. Ba a neman gida, ba a iske ƙofa a kulle. A gaskiya ana yin haka a unguwanni da dama ba tare da suna ba, duk sa'ad da aka ce “a bar mini wurin mai shagon kan kwana”.

Abin da ya rage shi ne takarda. Amana tana ɗaukar ƙunshi ɗaya ko biyu, amma ba ta ɗaukar hamsin a yini. In kwalin magani ya lalace da zafi a shago, ko wayar da aka aiko ta yi ɓatan dabo, wa zai biya: kamfanin mota, mai kanti, ko wanda ya aiko? Sai an sami rasit mai lamba a kowane hannu, da rajistar da mai karɓa zai sa hannu bayan ya nuna katin shaida, da yarjejeniya a rubuce kan kwana nawa kaya za su yi kafin a mayar da su tasha. Wannan magana ce da kamfanonin sufuri da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da ma'aikatun magajin gari za su iya zama su yanke, ba tare da an sayi ko mota guda ba.