Haƙƙin Dabbobin Gida A Kanmu: Yadda Za Mu Kula Da Su Daga Hunturu Zuwa Damina Da Kwanakin Sallah

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad da iyalansa da sahabbansa.

Da wuya ka shiga gida a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ka rasa wata dabba: kyanwa a zaure, tattabaru a akurki, kaji a tsakar gida, tunkiya ko akuya a turke, wani gidan kuma har da karen gadi. Duk dabbar da mutum ya ɗaure ko ya tsare, ya raba ta da neman abincinta da kanta, don haka cinta da shanta da mafakarta sun koma wuyansa. Malamai sun bayyana cewa ciyar da dabbar da aka mallaka wajibi ne, wanda kuwa ya kasa sai ya sayar ko ya ba wanda zai iya. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ba har ta mutu. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa domin ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Mafi yawan cutarwar da ke samun dabbobinmu ba daga mugunta take zuwa ba. Daga gafala take zuwa, kuma tana da lokutanta sanannu. Wanda ya san abin da kowane yanayi ke kawowa zai iya shiryawa tun kafin ya iso.

Hunturu

Sanyi da ƙura sun fi yi wa tsuntsaye da ƙananan dabbobi illa. A wannan lokaci ne annobar kaji, wadda likitoci ke kira cutar Niyukasil, ta fi share akurki: kaza ta yi ta zawo kore, numfashi ya yi mata wuya, wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani idan ta kama, amma tana da rigakafi mai sauƙi, har da wanda ake ɗigawa a ido, ana kuma maimaita shi bayan wata 3 zuwa 4. A yi shi kafin sanyi ya shigo. Tattabaru ma suna kamuwa da irinta. Kazar da aka sayo daga kasuwa a keɓe ta kamar mako 2 kafin a haɗa ta da na gida.

A tare akurki da turke ta ɓangaren da iska ke kaɗawa, wato gabas da arewa, da zana ko buhu, amma a bar wajen shan iska. Kada a kunna gawayi a rufaffen ɗakin tsuntsaye da nufin ɗumama su, hayaƙin ya fi sanyin saurin kashe su. Kyanwa kuwa tana neman ɗumi a duk inda ta samu, har cikin injin mota. Mai mota ya ɗan bubbuga murfin injin da safe kafin ya tayar.

Bazara

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce maki 40 a Yamai da sauran garuruwanmu. Kaza ba ta gumi, kare da kyanwa kuma ba sa yinsa yadda mutum ke yi, da haki suke rage zafin jiki. Idan ka ga kaza ta buɗe baki ta saki fukafukai, ko kare yana haki ba tsayawa yana dalalar da miyau, zafi ya fara cin ƙarfinsu. A mayar da dabbar inuwa, a jiƙa jikinta da ruwan randa, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaure dabba da safe a inuwa a tafi kasuwa, a manta cewa inuwa tana juyawa. Kafin azahar dabbar tana tsakiyar rana, igiya kuma ta hana ta matsawa. A duba inda inuwar take da tsakar rana kafin a kafa turke. Rumfar kara ta fi ta kwano sanyi. Babban rago yakan sha lita 5 ko fiye a rana irin wannan, don haka shayarwa sau ɗaya ba ta isa. Ruwan da ya wuni a kwanon ƙarfe cikin rana kuma dabba ba ta iya shansa.

Bazara ce kuma lokacin ƙarancin ciyawa, lokacin da tumaki da awaki ke bin bola suna haɗiye leda. Leda ba ta narkewa, taruwa take yi a tumbi har ta cika shi, dabbar ta yi ta ramewa cikinta kuwa a kumbure. Mahauta sun sha ciro dunƙulen leda daga cikin dabbar da aka yanka. Wanda ya jefar da ledar ƙosai a titi yana da hannu a wannan.

Damina

Da ruwa ya sauka sai kaska da ƙuma da tsutsar ciki su yawaita. Turken da ya zama taɓo yana ruɓar da kofato, sai a ga dabba tana ɗingishi. A ɗaga ƙasan turke, a riƙa kwashe taki, a nemi shawarar ma'aikatan kiwo game da maganin tsutsa a farkon damina da ƙarshenta. Dabbar da ta saba da busasshen abinci a shigar da ita sabuwar ciyawa sannu a hankali, domin cika ciki da ɗanyen tsiro farat ɗaya yana kawo zawo da kumburi. A kiyaye ta daga ƙaramar dawa da gyauronta, musamman wadda fari ya taɓa, domin tana ɗauke da guba a wannan matakin.

Damina ce lokacin feshi. Galan ɗin da aka zuba maganin ƙwari ko na ciyawa a ciki kada ya zama mazubin ruwan dabba ko da an wanke shi. Haka maganin ɓera: kyanwar da ta ci ɓeran da ya ci guba ita ma tana iya cutuwa. Kada kuma a ba dabba maganin mutane da ka. Farasitamol da muke sha don ciwon kai, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Azumi da ƙaramar Sallah

Dabba ba ta azumi. Mai gida da ya gaji da ƙishirwa yakan jinkirta shayar da dabbobi har bayan buɗa baki, alhali su babu wannan farilla a kansu. Bayan shan ruwa kuma sai a kwashe ragowar shinkafa da tuwo da kunu a zuba wa tumaki gaba ɗaya. Cikin tunkiya an halicce shi ne don ciyawa. Idan hatsi ya yi masa yawa lokaci guda sai ya yi tsami, dabbar ta kumbura, wani lokaci kafin gari ya waye ta mutu. A ba da ragowar kaɗan, tare da harawa ko ciyawa. Miya mai yawan albasa da tafarnuwa kuma tana lalata jinin kyanwa da kare.

Tafiyar Sallah ita ce babbar jarrabawa. Ɗan kasuwa ya rufe shago da kyanwa a ciki ya tafi garinsu kwana 4, ɗalibi ya tafi hutu ya bar tattabaru a kulle. Wannan shi ne ainihin abin da hadisin matar nan ya yi gargaɗi a kai. Kafin ka kulle ƙofa, ka damƙa dabbobinka ga wani ayyanannen mutum da ya amsa zai kula da su.

Babbar Sallah

Shekarar Musulunci tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, shi ya sa Layya ke zagaya yanayi. A 'yan shekarun nan tana faɗowa tsakanin ƙarshen bazara da farkon damina, rago yana isowa gida a gajiye daga kasuwa da doguwar tafiya cikin zafi. Ruwa da inuwa da harawa yake buƙata da farko. Ɗura masa dusa da hatsi don ya yi ƙiba cikin kwana 3 ba ya ƙara masa nama, kumburi kawai yake jawowa. A kuma raba shi da dabbobin gida, domin kasuwa matattarar cututtuka ce. Idan an yi masa allura, a tambayi likitan dabbobi kwana nawa ya kamata a jira kafin a ci namansa. Mu tuna cewa hadisin Bara'u ɗan Azib ya fitar da dabba huɗu daga layya: mai ido ɗaya, da marar lafiya, da gurguwa, da ramammiya, idan aibin ya bayyana. Sakaci na mako ɗaya yana iya ɓata ibadar da aka yi wata da watanni ana tara kuɗinta. Ranar yanka a wasa wuƙa nesa da idon dabbar, kada kuma a yanka wata a gaban wata.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Idan aka ga hanta ko huhu da ƙulluttai masu ruwa a ciki, sai a yanke a jefa wa kare. Waɗannan ƙulluttai 'ya'yan wata tsutsa ce da ke girma a hanjin kare. Ƙwanta yana fita ta kashinsa ya gurɓata ƙasa da ruwa da ganye, ya shiga cikin tumaki da mutane, musamman yara, ya yi irin wannan ƙullutu a hantar mutum, wanda sau da yawa sai an yi tiyata. Irin wannan nama a ƙone shi ko a binne shi da zurfi. Dafaffen ƙashi ma kada a ba kare ko kyanwa, yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji.

Kare da ciwon hauka

Shari'a ta yi rangwame a riƙe kare don farauta da kiwo da gona, malamai da dama kuma sun haɗa da tsaron gida idan akwai buƙata. Wanda ya riƙe shi ya ɗauki nauyinsa da nauyin maƙwabta. Kusan duk mutanen da ke kamuwa da ciwon haukan kare daga cizon kare suke samunsa, kuma idan alamomi suka bayyana da wuya a tsira. A kai kare da kyanwa a yi musu rigakafi, a kuma sabunta shi a lokacin da likita ya faɗa. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga abin da zai faru.

Iyaye da malaman makarantu su koya wa yara wannan tun suna ƙanana. Annabi (SAW) ya ga ƙanen Anas ɗan Malik yana riƙe da ɗan tsuntsu bai hana shi ba, har ya yi masa jaje da tsuntsun ya mutu. Yaron da aka ba amanar cika kaskon ruwan tattabaru kowace safiya yana koyon rahama da cika alƙawari a lokaci guda.

Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai da Yake jinƙansu, Ya ba mu ikon sauke amanar duk abin da Ya sanya a ƙarƙashinmu. Amin.