Garin Neman Gira: Darasin Asusu Mai Lamba 88888

A shekarar 1992, a reshen bankin Barings da ke Singafo, wata sabuwar ma'aikaciya ta yi kuskuren ciniki da ya jawo asarar kusan fam 20,000. Ga bankin da aka kafa a Landan tun 1762, wannan kuɗi ba abin tayar da hankali ba ne. Amma shugabanta, wani matashi ɗan Ingila mai suna Nick Leeson, kamar yadda shi da bakinsa ya ba da labari, sai ya ƙi sanar da na sama. Ya tura asarar cikin wani ɓoyayyen asusu mai lamba 88888, da niyyar cike gurbin da ribar da zai ci nan gaba.

Daga nan asusun ya zama rami. Duk lokacin da ciniki ya juya masa baya, sai ya ƙara zuba kuɗi don ya fanshe. Kafin ƙarshen 1994 asarar ta haura fam miliyan 200. Ranar 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta afka wa birnin Kobe na Japan, kasuwar hannun jarin Tokyo, wadda cinikin Leeson ya dogara a kanta, ta rikito. Maimakon Leeson ya janye, sai ya ƙara saye, wai kasuwa za ta farfaɗo. Ba ta farfaɗo ba. A ƙarshen Fabrairu ya cika wa rigarsa iska, ya bar asarar fam miliyan 827. Bankin da ya haura shekara 230 ya durƙushe, kamfanin ING na Holan ya saye shi a kan fam ɗaya tak. Shi kuwa Leeson, kotun Singafo ta ɗaure shi shekara shida da rabi.

Abin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, kuskuren Leeson shi ne dai wanda matasanmu da yawa ke yi a yau da wayar hannu. Ina nufin masu cinikin yini, wato saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashe, kirifto ko hannun jari ta intanet, a shiga a fita cikin awoyi ko mintoci, abin da suke kira tiredin. Asarar farko ba ta karya ɗan kasuwa. Ƙin haƙura da ita ne ke karya shi. Mutum ya faɗi da safe, zuciya ta ɗebe shi, ya ninka kuɗi da rana don ya rama, kafin magariba ba uwa ba riba. Garin neman gira an rasa ido.

Akwai lissafin da ya kamata kowa ya riƙe. Wanda ya rasa kashi 10 cikin 100 na jarinsa, ribar kashi 11 ta kusa mayar da shi inda yake. Wanda ya rasa rabi, sai ya ninka abin da ya rage kafin ya dawo daidai. Wanda ya rasa kashi 90 kuwa, sai ragowar ta ninku sau goma. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa kada a saka fiye da kashi 1 ko 2 na jari cikin haɗari a ciniki guda. Mai bin ƙa'idar kashi 1, ko ya faɗi sau goma a jere, yana da kusan kashi 90 na kuɗinsa. Mai jefa kashi 20 kowane karo, faɗuwa goma za ta bar shi da kusan kashi 11.

Sai kuma aron ƙarfi da dillalai ke bayarwa, wanda ake kira lebareji. Da naira 100,000, idan dillali ya ninka maka sau 100, kana juya naira miliyan 10. Abin gwanin daɗi a ido. Sai dai farashi na gocewa da kashi 1 kacal, jarinka ya tafi gaba ɗaya. Saboda haka ne a 2018 hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta taƙaita wa ƙananan masu ciniki wannan aro zuwa ninki 30 a manyan kuɗaɗe, ninki 2 a kirifto. Hukumar ta ce tsakanin kashi 74 zuwa 89 na irin waɗannan asusai asara suke yi. Wani bincike a Brazil ma ya gano cewa cikin waɗanda suka dage da cinikin yini sama da kwana 300, kashi 97 faɗuwa suka yi. Masu tallan sigina, wato shawarar lokacin saye da sayarwa, a Telegram da TikTok ba sa nuna wannan ɓangaren.

Mai hankali yakan yanke iyakar asararsa tun kafin ya shiga, ya ba manhaja umarnin ta fitar da shi da zarar farashi ya kai wurin. Wannan birki ne, kuma cire shi a tsakiyar gangara shi ne abin da Leeson ya yi. Amma birki ma yakan tsinke. Ranar 15 ga Janairun 2015, babban bankin Suwizalan ya janye iyakar da ya sanya wa kuɗinsa a kan yuro ba zato ba tsammani. Cikin mintoci farashi ya yi tsallen da ya ƙetare iyakokin da mutane suka sanya, wasu suka wayi gari dillalansu na bin su bashi, kamfanin dillancin Alpari na Ingila ya karye. Ke nan babbar kariya ita ce kada a shiga da abin da ba za a iya jure rashinsa ba.

Game da hukuncin wannan ciniki a shari'a, musamman inda kuɗin ruwa ya shigo, a nemi malamai masana mu'amala. Ni dai kirana ga mai niyyar shiga shi ne: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, adashin uwargida da amanar mutane ba jarin tiredin ba ne. Ka rubuta kowane ciniki da dalilin shigarka. Ka yanke wa kanka asarar yini, in ka kai ta ka kashe waya ka tashi. Idan kuma ka fara ɓoye wa iyalinka ko abokin jarinka abin da ka rasa, to ka sani ka buɗe naka asusun 88888. Ka rufe shi tun asarar tana ƙarama.