CodeQL

CodeQL manhaja ce ta binciken rubutun shirye-shiryen kwamfuta, mallakar kamfanin GitHub. Ana amfani da ita wajen gano kurakurai da giɓin tsaro a cikin manhajoji ba tare da an kunna su ba. Tana mayar da rubutun manhaja gaba ɗaya zuwa rumbun bayanai, sannan mai bincike ya rubuta tambaya a wani harshe mai suna QL, manhajar ta fito masa da duk wuraren da suka dace da tambayar. Masu bincike da yawa suna rubuta tambayoyin ne a editan Visual Studio Code, amma ainihin aikin yana gudana ne a wata manhajar layin umarni da ake kira CodeQL CLI, wadda editan ke aika wa saƙo ta bayan fage.

Tarihi

Asalin CodeQL daga kamfanin Semmle ne, wanda Oege de Moor, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Oxford da ke Ingila, ya kafa tare da abokan aikinsa a shekarar 2006. Harshen QL ya samo tushe daga Datalog, wani harshen yi wa rumbun bayanai tambaya da aka gina bisa ƙa'idojin mantiƙi. Semmle ya kuma gudanar da shafin LGTM, inda ake duba manhajojin da rubutunsu ke buɗe ga kowa kyauta.

A watan Satumba na 2019 GitHub ya sayi Semmle, shekara guda bayan Microsoft ya sayi GitHub ɗin kansa a kan dala biliyan 7.5. A watan Nuwamba na wannan shekara aka fito da manhajar da sunan CodeQL, tare da ƙarin da ake liƙa wa Visual Studio Code. A 2020 aka shigar da ita cikin tsarin GitHub na duba rubutun manhaja kai tsaye, aka kuma rufe LGTM a watan Disamba na 2022.

Gina rumbun bayanai

Kafin a yi kowace tambaya, sai an gina rumbun bayanai na manhajar da za a bincika. Ana yin haka a layin umarni da codeql database create, tare da faɗin harshen da aka rubuta manhajar da shi. Daga cikin harsunan da CodeQL ke karantawa akwai C, C++, C#, Go, Java, Kotlin, JavaScript, TypeScript, Python, Ruby da Swift, kuma kowane rukuni yana da nasa maciri da ke tsamo bayanai daga fayiloli.

A harsuna irin su Python da JavaScript, macirin yana karanta fayilolin kai tsaye. A harsunan da sai an harhaɗa su kafin su yi aiki, kamar C++, hanyar da aka saba ita ce CodeQL ta sa ido a kan aikin harhaɗawar yayin da yake gudana, ta kwashi bayanin kowane fayil da ya bi ta ciki. Saboda haka duk fayil ɗin da ba a harhaɗa ba a wannan karon ba zai shiga rumbun ba, kuma babu tambayar da za ta gan shi.

Rumbun da aka samu ya ƙunshi tsarin jumlolin manhajar, da nau'in kowane ma'ajin ƙima, da bayanan da ake buƙata don gano wane sashe ke kiran wane, da kuma kwafin rubutun na asali. Hoton manhajar ne a daidai lokacin da aka gina shi. Idan aka gyara ko da layi ɗaya bayan haka, rumbun ba zai san da gyaran ba sai an sake gina sabo.

Tambaya a harshen QL

Ana ajiye tambaya a fayil mai ƙarshen .ql, ɗakunan karatu na harshen kuma a fayil mai ƙarshen .qll. Tambaya tana da sassa uku: from yana faɗin irin abubuwan da za a duba, where yana kafa sharaɗi, select kuma yana faɗin abin da za a nuna. Ga misali a kan manhajar Python:

import python
from Call c, Name n
where c.getFunc() = n and n.getId() = "eval"
select c, "An kira eval a nan"

Wannan tambaya tana nemo duk inda aka kira eval, wani aiki na Python da ke ɗaukar rubutu ya aiwatar da shi a matsayin umarni, wanda ke da haɗari idan rubutun daga baƙo ya fito. Neman kalmar kawai a cikin fayiloli zai kwaso har inda aka ambace ta a bayanin gefe ko a tsakiyar wata kalma. Tambayar QL kuwa kiran gaske kaɗai take fitarwa, domin tsarin manhajar take dubawa.

Tambayoyin tsaro sun fi wannan zurfi. Suna bin sawun bayani daga mafarinsa, kamar akwatin da mai ziyartar shafin intanet ke cikewa, har zuwa wuri mai haɗari, kamar umarnin SQL, su duba ko an tace shi a hanya.

Alaƙar edita da layin umarni

Ƙarin Visual Studio Code ba ya bincike da kansa. Idan aka girka shi, yakan nemi CodeQL CLI a kwamfutar, idan bai samu ba ya sauko da wanda ya dace da shi. Mai amfani na iya nuna masa wani na daban ta saitin codeQL.cli.executablePath.

Hidima biyu CLI ke yi wa editan. Ta farko ita ce taimakon rubutu: yayin da ake buga tambaya, yana nuna kurakurai da jan layi, yana ba da shawarar ƙarasa kalma, yana kai mutum inda aka fayyace wani suna. Wannan yana bin yarjejeniyar Language Server Protocol da Microsoft ya fitar a 2016. Ta biyu ita ce gudanar da tambayar. Idan mai bincike ya zaɓi rumbu ya ba da umarnin gudanarwa, editan yana miƙa buƙatar ga wani sashe na CLI da ke zaune a kunne. Sashen yana harhaɗa tambayar, ya lissafa amsa a kan rumbun, ya ajiye ta a fayil mai tsarin BQRS. Daga nan editan ya karanto amsar ya jera ta a jadawali. Danna kowane layi yana buɗe ainihin wurin a kwafin rubutun da ke cikin rumbun, kuma a tambayoyin bin sawu ana iya bin hanyar bayanin mataki-mataki.

Saboda sashen yana ajiye sakamakon lissafin da ya riga ya yi, gudanarwa ta biyu takan fi ta farko sauri. Wannan ne ya sa edita ya dace da gwaji da gyara: a rubuta, a gudanar, a duba amsoshin ƙarya, a ƙara sharaɗi, a sake gudanarwa. Idan tambaya ta nuna, ana iya gudanar da ita ba tare da edita ba, da codeql query run ko codeql database analyze. Na biyun yana iya fitar da sakamako a tsarin SARIF, ma'aunin da ƙungiyar OASIS ta amince da shi, wanda GitHub ke karantawa ya nuna gargaɗi a jikin rubutun manhaja. Tun da injin lissafin ɗaya ne, tambayar da aka gwada a edita ita ce za ta yi aiki a na'urorin da ke duba kowane sabon gyara.

Neman 'yan'uwan kuskure

Babban amfanin CodeQL shi ne neman ire-iren kuskuren da aka riga aka gano. Kuskure ɗaya yakan maimaitu a wurare da yawa, domin masu rubuta manhaja suna kwafar salon juna. Idan aka gano giɓi guda, ana siffanta shi a tambaya, a nemo sauran irinsa. Ta wannan hanya Man Yue Mo, mai bincike a Semmle, ya gano giɓin CVE-2018-11776 a Apache Struts, wanda aka sanar a watan Agusta na 2018, kuma wanda zai iya bai wa mai kutse damar gudanar da umarni daga nesa. Wani giɓi na daban a wannan manhaja ne aka bi aka kutsa kamfanin Equifax na Amurka a 2017, inda aka kwashi bayanan mutane kusan miliyan 147.

A 2023 GitHub ya ƙara damar aika tambaya ɗaya daga cikin editan zuwa ma'ajiyar manhajoji har 1,000 a lokaci guda. A nan na'urorin GitHub ne ke lissafin, sakamakon ya dawo cikin editan.

Iyakoki da lasisi

CodeQL abin da aka tambaye ta kawai take nemowa. Tambaya mai faɗi tana kawo gargaɗin ƙarya da yawa, mai ƙunci kuma tana tsallake kuskuren gaske, don haka sai mutum ya tantance sakamakon. Binciken manyan manhajoji yana cin ƙwaƙwalwar kwamfuta da lokaci. Haka nan idan sigar CLI ba ta dace da ta ɗakunan karatun QL ba, tambaya na iya ƙin harhaɗuwa.

Tambayoyi da ɗakunan karatun da GitHub ke wallafawa a buɗe suke ƙarƙashin lasisin MIT, amma injin CLI ba a buɗe yake ba. An yarda a yi amfani da shi kyauta a binciken ilimi da kuma kan manhajoji masu buɗaɗɗen rubutu. Kamfanin da ke son duba rubutunsa na sirri sai ya sayi lasisi.